Takardu Biyar, Shekara Bakwai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Aisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ɗiya ga uwarta, tare da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke muna nan ƙalau a Wurno, ni da maigidan da jikokinki huɗu. An gama kai gero gida, mutane sun koma fadama dashen albasa. Shekara uku ke nan da rabuwarmu.

Na san wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya karanta takarda. Wagga ma a waya zan sa ta, inda duk mai so zai gani. Su gani. Ɓoyon da na yi shekara bakwai shi ya kai ni inda nake yau, kuma na gaji da shi.

Maganar alƙawarin nan ce, Inna. Ina da labari, amma ba wanda kike jira ba ne.

Ba sai na tuna miki ranar Balki ba, sai dai masu leƙen takardar nan ba su san ta ba. Ƙanwata ce, autarki, cikinta na fari. Damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsawo, hanyar da ta tashi daga ƙauyenmu zuwa Lahodu duk ta zama taɓo. Naƙuda ta kama ta da hantsi. Ke ce ungozomar ƙauyen, rabin masu noma gonakin nan a hannunki sunka faɗo duniya, don haka babu wanda hankalinsa ya tashi. Ni kaina ina tsakar gida ina hura wutar ruwan zafi, ina yi wa matan gidan ba'a.

Azahar ta yi, la'asar ta yi. Kinka fito daga ɗakin hannuwanki a sake, kinka ce a ɗauro amalanke, yaron ya gitta. Kafin shanun su fitar da mu bakin hanyar mota Balki ta cika, kanta bisa cinyata.

Daga rannan ba ki sake shiga ɗakin mai naƙuda ba. In an zo kiranki sai ki ce, “Hannuna hanya guda sunka sani. In ɗa ya biyo wata, ni da makaho duk ɗaya.” Wani lokaci har da kuka ake roƙonki, ba ki tashi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, na iske ki kina tsintar wake a faifai. Na ce miki zan koma karatu, in shiga makarantar koyon aikin ungozoma ta birni, in dawo ƙauyenmu da hannun da ya san hanya fiye da guda. Shekaruna ashirin da bakwai a lokacin, da 'ya'ya uku, da takardar sakandare wadda Hausa da Addini kaɗai na ci a cikinta. Ba ki ɗago kai ba. Cewa kinka yi, “To. Amma abin da bai nuna ba, a bar shi cikin ganye. Bakin mutane ya fi fara ɓarna.”

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Daga ke, sai maigidan, sai ƙanenki Kawu Bello na Rabah, babu wanda ya sani. Kawu Bello kuwa dole ce ta sa, don shi ne ɗan bokon danginmu, ko da yake masinja ya yi har ya yi ritaya. Duk takardar da ta shigo dangi, hannunsa take fara faɗawa. Shi ya bincika mini ya ce darasi biyar ake so mutum ya ci da kyau: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Shekarar farko na rungumi biyar ɗin gaba ɗaya. Kaina ya yi ta juyawa, in buɗe wannan in rufe wancan, ga goyo ga girki. Da sakamako ya fito, Bayoloji kaɗai na tsira da shi. Na tafi Rabah ina share hawaye da gefen hijabi. Kawu ya duba takardar sama da ƙasa, ya yi dariya ya ce, “Haba ke kuwa, ɗiyar manomi! Kin taɓa ganin wanda ya aza dami biyar a ka? Guda-guda ake kai su rumbu. Wanda ya shiga ya shiga.”

Wallahi, Inna, ban taɓa jin magana mai kama hankali irin wannan ba. Na dawo gida da ƙarfina.

Kin san yadda Baba, Allah ya jiƙan shi, yake yi ranar kai gero gida: duk damin da ya faɗa rumbu, sai ya ja layi da gawayi a jikin rumbun. Ni ma na ɗauki gawayi na zana da'ira biyar a bangon ɗakina, daidai bayan ƙyaure, yadda in ƙofa tana buɗe babu mai gani. Na cike ta farko da alli. Sauran huɗun sunka zuba mini ido.

Daga nan kowace shekara darasi guda nake kamawa. In na idar da sallar asuba, kafin in ɗauki tsintsiya, shafi biyu. In na aza tukunya, shafi ɗaya a bakin murhu. Lokacin ciran albasa, in na kai wa ma'aikata abinci fadama, sai in fake gindin mangwaro in ɗan duba kafin su gama ci. Littafina na Turanci har yau warin albasa yake. Ranar Juma'a kuma in ɗauko tsofaffin tambayoyi in gwada kaina, in rubuta makin da na ci a ƙarƙashin da'irar, don in ga ko ina gaba ko ina baya.

Jarrabawar kuma ba ta tashi zuwa sai ruwan shuka ya sauka. In shiga aji in zauna cikin 'yan matan da na girme wa da shekara goma, suna ce mini Mama. Akwai shekarar da mai tsaron jarrabawa ya tare ni a ƙofa ya ce iyaye a waje suke jira. Na nuna mishi katina, ya rasa inda zai sa fuskarsa. A bainar mutane na yi dariya, amma abin ya yi mini ciwo.

Ga inda na yi wautar, ki saurara. Ranar da za a rubuta darasin da na riga na ci, ko zuwa ba na yi. Mi zai kai ni? Ai ya shiga rumbu. Wanda kuma ban kai kansa ba, shi ma ba na wahalar da kaina, layinsa bai zo ba. Sai in ɗaura zane in tafi taya shuka, ina jin kaina mai dabara.

Shekara ta biyu na ci Turanci. Ta uku na haifi Balki ƙarama, ban zauna ba. Ta huɗu na ci Kemistiri.

Duk zuwan da za ki yi Wurno, bayan kin sha ruwa kin gaisa da mutanen gida, sai ki shigo ɗakina ki tura ƙyauren da ƙafa kamar iska ce ta dame ki. Ki tsaya ki dubi bangon. Ba ki san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma kin san fari da baƙi. “Saura huɗu,” in ji ki, sai ki buɗe ƙofar ki koma zancen awakinki. Ba ki taɓa ce mini sannu ba. Amma duk zuwan da kinka yi da man shanu kike zuwa, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa.

Zuwanki na ƙarshe, tari ya riga ya cinye ki, sai da kinka dafa bango kafin ki tura ƙyauren. Kinka daɗe a tsaye. Kinka ce, “Saura biyu. Ko ban ci tuwon ba, na ji ƙamshin miya.” Ban so maganar ba, na ce ki bar faɗin haka. Wata biyu a tsakani anka kira mu.

Shekarar da ta biyo baya na kama Lissafi, ya kayar da ni warwas. Ban ga laifinsa ba, ina kallon lambobi ne hankalina yana ƙauye. Na bar shi na koma Fiziks, Allah ya taimake ni na haye. Bana na sake komawa kan Lissafi kamar mai bin gaba. Idona ya fara yaji, sai da anka yanka mini tabarau. A watan da gero ya fara fitar da kai sakamako ya fito, na ci.

Inna, da kin ga ɗiyarki rannan! Na rufe ƙofa, na cike da'ira ta biyar, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Na yanka zakara, yara suna ta tambayar bikin mi ake yi.

Wani abu kuma da ban taɓa faɗa miki ba. Tun farko na yi wa kaina rantsuwa ba zan taka ƙofar makarantar nan ba sai takarduna sun cika. Kunya nake ji in je hannu rabi a ce mi ya kawo wagga, kuma ina tsoron wani ɗan garinmu ya gan ni a can magana ta bazu. Sau nawa na shiga birnin Sakkwato a shekarun nan, dubiya da biki da awon ido? Ko layin ban taɓa bi ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan fitowar sakamakon na sa atamfata mai kyau, na jera takardun biyar cikin leda, na hau mota. A tagar ofishin ɗaukar ɗalibai na iske wani dattijo mai furfura a gemu. Ya karɓa da fara'a, ya shimfiɗa su bisa tebur ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga fara'ar tana raguwa. Ya sake bin su da yatsa, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Hajiya, wa ya ba ki wagga shawara?”

Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake faɗa wa mutum rasuwa. Darussan biyar dole su fito daga zaman jarrabawa ɗaya, in ya yi yawa zama biyu. Nawa zama biyar ne, kowace takarda da ci guda. Duk biyun da ya haɗa, darasi biyu ke nan. Ya nuna mini sanarwa a jikin allo, taku uku daga inda nake tsaye. Takardar har ta koɗe don daɗewa, kusoshin da anka kafe ta da su sun yi tsatsa.

Ya ce in yi haƙuri. Har godiya na yi mishi, Inna. Na mayar da takarduna cikin leda, na ninke bakinta da kyau kamar wani abin kirki ne a ciki.

Ban yi kuka a mota ba. Na dawo gida la'asar sakaliya, na tuɓe atamfar, na aza ruwan tuwo, don yara ba ruwansu da zama biyu.

Bari in faɗa miki gaskiya tunda babu amfanin ɓoyo yanzu. Na ji haushin Kawu. Na ji haushin kaina fiye da kowa, mace da hankalinta ta yi shekara bakwai tana tafiya ba ta tambayi hanya ba. Kuma na ji haushinki, Allah ya yafe mini. Na ce da ba ki ce in bar abin cikin ganye ba, da ko malamar firamaren da ke bayan gidanmu na yi wa zancen, da ta tsayar da ni tun shekara ta biyu. Mako guda ina ɗauke da wannan haushin. Daga baya na tuna ke abin da kinka sani kinka ba ni, kuma don ki tsare ni kinka faɗa.

Kawu Bello da ya ji, bai aiko ba, da kansa ya zo. Tsoho mai ciwon gwiwa, tun daga Rabah. Ya ƙi hawa tabarmar da na shimfiɗa mishi, ya zauna a dokin ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai rannan. Ya ce, “Ni na ɓad da ke, ɗiyata. Na faɗi abin da ban sani ba, don kar a ce Bello bai sani ba.” To mi zan ce wa ƙanen uwata? Na kawo mishi fura na ce ya sha, ƙaddara ce.

Magana kuma ta fita, ban san ta ina ba. Yaya Kulu, yayar maigidan, ta zo ta same ni ina wanki. Kin san bakinta. “Ashe shi ya sa kullum tuwonki da gudaji! Shekara bakwai kina cin littafi da ido, mi anka samu? Ki rufa wa kanki asiri ki riƙe ɗiyanki, boko ya wuce ki.” Na so in mayar mata, sai na ga babu ƙarya da yawa a ciki. Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna.

Shi kuwa maigidan, kin san shi, magana tsada take mishi.  Bayan kwana uku, yana ɗaure buhun irin albasa a bayan babur, bai ko juyo ba ya ce, “Ban ce ki bari ba, ban ce ki ci gaba ba. Ke ke jin nauyin a wuyanki. Amma in za ki koma, bana na ɗauke miki kai abinci fadama.” Ya tayar da babur ya tafi.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ji labari ta ce ana yi wa ungozomomin gargajiya bita ta 'yan makonni, a koya musu tsabta da gane alamun haɗari, ba a tambayar takarda. Ta ce da sunanki kaɗai ma za a karɓe ni. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba, kuma raina ya kwanta da shi sosai, don na gaji. Na gaji, Inna. Bayana ciwo, idona ciwo, Bayolojin da na ci shekara shida da sunka wuce ko sunan ƙashi guda ban tuna ba. Sai dai na zauna na yi tunani: ranar da wani ɗan ya sake gittawa, abin da zan iya shi ne in fito in ce a nemo mota. Wannan kuwa kin riga kin yi shi, kuma na ga abin da ya yi miki.

Shekaranjiya na jiƙa tsumma na goge bangon. Allin bai yi gardama ba, gawayin ne ya bar tabo. Ban ji komi ba lokacin da nake gogewa, na gama na shanya tsumman.

Ga abin da na yanke, kuma a gaban mutane nake faɗa wannan karon. Zama biyu zan yi, baɗi da shekarar da ke bi mata, darussan biyar gaba ɗaya. Na koma birni na kwafe sanarwar nan da hannuna tun daga sama har ƙasa, na tambayi dattijon duk abin da ban gane ba, har maganar shekaru, ya ce ba ta hana ni ba tukuna. Malama Hauwa, mai koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, ta yarda in riƙa zuwa gidanta kowace Asabar ta yi mini tambayoyi. Ita za ta riƙa faɗa mini inda nake, na daina auna kaina da kaina. In zama biyun sunka wuce ban haɗa ba, na ajiye. Zan tafi bitar nan in yi abin da ya sawwaƙa, kuma ina roƙon ki yafe mini alƙawarin. Na san ba ke kinka ɗora mini shi ba, ni na ɗauka, amma a gabanki na ɗauka.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ina da ƙarfin gwiwa ba. Ba ni da shi. Tafiya kawai nake yi don tsayuwar ta fi ciwo.

Jiya na je yin rajista. Anka ce sai da sabon hoto, na tsallaka shagon mai hoto na bakin kasuwa. Ya ce in gyara hijabi, in ɗaga haɓa, in cire tabarau. Ban daɗe da zama ba ya miƙo mini guda huɗu a 'yar ambulan. Na fito rana na buɗe.

Ke ce a ciki, Inna. Ba ke ta lokacin da nake yarinya ba, ke ta bayan Balki: kumatun sun faɗa, layi biyu a gefen baki, idon nan da ke kallon mutum kamar yana jiran a gama magana ya tafi. Na tsaya a bakin hanya masu babura suna ta yi mini oda. Ban san lokacin da na kai nan ba. Na yi ta lissafin darussa, ban taɓa lissafa abin da shekarun ke ɗiba a jikina ba.

Na koma na miƙa hoton, anka manna shi a fom, anka buga hatimi a gefen fuskar. Da ita zan shiga ajin in ruwan shuka ya sauka.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sa duk ɗan da kinka karɓa da hannunki ya zama nauyi a mizaninki. Allah ya jiƙan Balki da abin da ta tafi da shi, ya jiƙan Baba, ya haɗa ku a inuwa ɗaya. Allah ya sauki duk mai ciki lafiya, a gari da ƙauye. Ni kuma ya ba ni ƙarfin shekara biyu, in alheri ne ya cika mini, in ba alheri ba ne ya sanyaya mini zuciya in haƙura. Amin.

Taki har kullum, mai kewarki,
Luba
Wurno